Wa'adi a wuyanka, iko a hannun wani: abin da ya kamata ku sani kan lafiyar ƙwaƙwalwar masu kula da ayyuka

A watan Maris na 2017 wani matashi ɗan shekara 23 ya ɓace a ƙasar Japan. Ma'aikacin wani kamfanin gine-gine ne, an ɗora masa kula da aikin daidaita ƙasa a sabon babban filin wasa na birnin Tokyo, wanda ake ginawa domin gasar Olamfik ta 2020. Ko shekara bai cika da kama aiki ba. Bayan wasu makonni aka gano gawarsa, aka kuma tabbatar shi ya kashe kansa. Da ofishin ƙwadago ya bi diddigin lamarin, sai ya tarar a watan ƙarshe na rayuwarsa yaron ya yi aikin ƙarin lokaci na kimanin awa 190, ban da awannin da aka saba. In ka raba, ya haura awa shida kowace rana a kan aikin yini, babu Asabar babu Lahadi. Hukuma ta amince cewa aikin ne sanadin mutuwarsa.

Matsalar ta faro tun kafin a ɗauke shi aiki. Zanen farko na filin na shahararriyar mai zanen gine-ginen nan Zaha Hadid ne, amma a watan Yuli na 2015 gwamnatin Shinzo Abe ta soke shi saboda kuɗin ya yi tashin gwauron zabo. Sai da aka sake gasa, aka zaɓi zanen Kengo Kuma, sannan aka soma gini a Disamba 2016, an makara da fiye da shekara guda. Ranar buɗe gasa kuwa tana nan inda take. Lokacin da manya suka ɓata a ɗakin taro, a jikin mutanen da ke filin aiki aka fanshe shi. An gama ginin a Nuwamba 2019. Ita kuma ranar nan da aka ce ba ta ɗaguwa ko da kwana ɗaya, annobar korona ta zo ta ɗaga ta da shekara guda cur.

Su wane ne ake nufi?

Akwai aikin da ake yi kullum ba ya ƙarewa, kamar na malamin makaranta ko na ma'aikacin banki. Akwai kuma aikin da ke da ranar farawa da ranar gamawa da kuɗin da aka ware masa: gina asibiti, shimfiɗa titi, haɗa manhajar waya, haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka arba'in, ko shirin ciyar da yara na wata ƙungiyar agaji na shekara biyu. Wanda aka damƙa wa irin wannan aiki aka ce ya kai shi gaɓa, shi ne mai kula da aiki, ko manajan aiki kamar yadda ake cewa a ofis. Wani injiniya ne, wata jami'ar shiri ce a ƙungiya, wani kuma ma'aikacin gwamnati ne da aka ba riƙon sashen aiwatar da wani shiri na Bankin Duniya. Sana'a ce mai zaman kanta, har da ƙungiyoyinta da jarrabawarta. Babbar cibiyarsu, PMI, an kafa ta a Amurka tun 1969.

Kowane irin aiki ne, abu uku ke gaban manaja: lokaci, kuɗi, da girman abin da aka ce a yi. In aka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Wannan darasin farko ne a sana'ar, kowa ya haddace shi. Sai dai a aikace mai aiki kan ƙara buƙata, ya ƙi ƙara kuɗi, ya kuma ƙi ɗaga wa'adi. Giɓin da ya rage sai a cike shi da barcin manaja da ƙarshen makonsa, domin su kaɗai ne ba a rubuta a cikin kasafi ba.

Alhaki ba tare da iko ba

Mutane da yawa suna zaton yawan aiki ne kawai ke cin ran ma'aikaci. Wani masani ɗan Amurka, Robert Karasek, ya nuna a 1979 cewa lissafin bai tsaya nan ba. Abu biyu ya ce a duba tare: nauyin da ke kan mutum, da kuma ikon da yake da shi na yanke shawara kan yadda zai sauke nauyin. Mai aiki da yawa wanda ke da ta cewa yakan jure, har ya ji daɗin abin da yake yi. Wanda aka jibga wa nauyi aka kuma ɗaure masa hannu, shi ne ke cikin haɗari. Binciken da aka daɗe ana yi a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya a Landan, wanda ake kira Whitehall, ya ƙarfafa wannan. An soma zagayen farko a 1967, na biyu a 1985 ƙarƙashin Michael Marmot. Da ana ɗauka manyan daraktoci ne ciwon zuciya zai fi kamawa tunda su ke ɗauke da ofis, sai aka ga akasin haka: duk sa'ad da aka sauko mataki ɗaya, ciwo da mutuwa ƙaruwa suke yi, kuma rashin iko a kan aikin da mutum ke yi na cikin dalilan da aka gano.

To, dubi zaman manajan aiki. A takarda shugaba ne, sunansa ne a saman rahoto. Amma mutanen da ke aiki tare da shi galibi aro ne daga wasu sassa, kowa da ogansa na asali wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Ɗan kwangila ba shi ya zaɓe shi ba. Kuɗi sai sashen kuɗi ya saki, shi ma sai wani ya sa hannu, wanda sau da yawa ya yi tafiya. Kaya na tashar jirgin ruwa suna jiran takarda. Ruwan sama bai san wa'adi ba. Duk wanda ya yi jinkiri a cikin waɗannan, manaja ne za a kira a tambaya. Daga sama ana cewa "yaushe za ka gama?", daga ƙasa birkiloli da leburori na cewa "yallaɓai, yaushe za a biya mu?", kuma duka biyun amsarsu ba a hannunsa take ba. A ganina wannan ne asalin ciwon sana'ar, sauran duk rassa ne. Ba mamaki binciken da ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya, APM, ta fitar a 2019, wanda Dakta Clara Cheung ta Jami'ar Manchester ta jagoranta, ya nuna cewa masu kula da ayyuka sun fi sauran ma'aikata kokawa da matsin aiki.

Wa'adin da aka san ba zai yiwu ba

Akwai wani abu da ba a cika gaya wa sabon manaja ba: mafi yawan ayyuka a duniya ba sa cika alkawarin da aka yi a ranar farko. Bent Flyvbjerg, masani ɗan ƙasar Denmark da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Oxford, ya tara bayanan ayyuka sama da 16,000 daga ƙasashe daban-daban. Waɗanda aka gama a kan lokaci kuma a cikin kasafinsu kashi 8.5 ne kacal cikin ɗari. In aka ƙara da sharaɗin cewa aikin ya kawo amfanin da aka yi alkawari, sai adadin ya faɗo zuwa rabin kashi ɗaya. Gidan wasan kwaikwayo na birnin Sydney a Ostireliya, wanda yau hotonsa ke kan kowace kalandar ƙasar, an ce za a gama shi a 1963 a kan dalar Ostireliya miliyan 7. An buɗe shi a 1973, ya lashe miliyan 102. Mai zanensa, Jørn Utzon, ya ajiye aikin a 1966 bayan rikici da gwamnatin jihar da birnin yake, ya bar ƙasar, har ya rasu a 2008 bai koma ya ga ginin da idonsa ba. Jamusawa ma, duk da sunan da suka yi wajen tsari, filin jirgin sama na Berlin da aka shirya buɗewa a 2011 sai a Oktoba 2020 ya soma aiki.

Dalili biyu ake kawowa. Na farko ɗabi'ar ɗan Adam ce, wadda Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana a 1979: in muna tsara aiki, mukan hango yadda zai tafi idan komai ya daidaita, mu manta cewa a baya komai bai taɓa daidaita ba. Na biyu ya fi muni, domin da gangan ake yi. Mai neman kwangila ko mai neman a amince da shirinsa ya san in ya faɗi ainihin kuɗi da ainihin lokaci ba za a ba shi ba, don haka sai ya rage. Ɗan siyasa na son a buɗe aiki kafin zaɓe. Bayan an sa hannu an ɗauki hoto, sai a kira manaja a miƙa masa takardar da bai halarci rubuta ta ba.

A Najeriya akwai ƙari a kan wannan. Wani kwamiti da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011 cewa ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 ne aka yi watsi da su ko suka tsaya. Kowane ɗaya akwai wanda aka taɓa kira mai kula da shi. Sannan a 2023, da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu aka kuma saki naira a watan Yuni, duk kasafin da aka rubuta a farkon shekarar ya zama tarihi. Siminti, rodi, dizal, kuɗin mota, babu wanda ya tsaya inda aka lissafa shi. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji kuma sun ga nasu a Janairu 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, shirye-shirye suka tsaya cak a tsakiyar hanya. Manajan shiri ne ya tara ma'aikatansa ya sanar da su, shi ne ya je gaban mai gari ya yi bayani, alhali shi kansa bai san makomar albashinsa ba.

Wanda ake aunawa da adadin da tun asali ba gaskiya ba ne, abu biyu ke gabansa. Ko dai ya faɗi gaskiya a ce ya gaza, ko ya ɓoye. A sana'ar ana yi wa aiki alama da launi a rahoton mako: kore yana nufin lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuma an shiga matsala. Masu sana'ar suna da suna ga rahoton da aka gyara don kada oga ya yi fushi, suna ce masa kankana: kore a waje, ja a ciki. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya kwana da sanin cewa aikin ya karkace, ya tashi ya rubuta "komai na tafiya daidai", ya yi ta haka wata da watanni yana jiran ranar da asiri zai tonu. Wannan zullumin kaɗai ya isa ya hana barci.

Abin da ke faruwa a jiki da zuciya

Idan mutum ya fuskanci barazana, jiki kan saki sinadaran da ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, hankali ya tattaru wuri ɗaya. An halicce mu da wannan ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce cikin mintuna. Matsin kwana biyu kafin miƙa aiki ba ya kashe kowa, yakan ma ƙara wa mutum kaifi. Illar tana zuwa ne idan jiki ya zauna cikin wannan hali wata shida, shekara, ba a sauko ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sanadin doguwar awar aiki. Mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Awa 55 ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin mai kula da aiki, da yawa a ranar Juma'a sun riga sun wuce ta.

Barci shi ne abin da ake fara sadaukarwa, kuma shi ne ya fi saurin ramawa. Wasu masu bincike a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya sha giya har matakin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi. A irin wannan hali ake duba lissafin rodi, ake sa hannu a takardar biyan kuɗi, ake kuma kama hanyar Abuja da asuba.

Sai kuma matsananciyar gajiyar aiki, wadda hutun ƙarshen mako ba ya kawar da ita. Herbert Freudenberger ne ya fara bayyana ta a 1974, bayan ya ga yadda ma'aikatan sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York ke shigowa da zafinsu, cikin shekara guda su koma kamar ba su ba. Christina Maslach ta samar da ma'auninta a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a kundinta na rarraba cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce, yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka kasa shawo kansa. Alamominta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa ganin komai shirme ne, sannan ya riƙa jin ba ya iya taɓuka komai. Ta biyun ce ta fi ruɗar mutane. Manajan da a da yake zagaya wurin aiki yana gaisawa da kowa, yanzu ya koma "ku yi yadda kuka ga dama". Abokan aiki sai su ce girman kai ya shige shi, ko ya samu wani wurin, alhali ƙarewa ya yi.

Ciwon damuwa daban ne, kuma yana da muhimmanci a bambanta su. Gajiyar aiki tana maƙale da aikin, in mutum ya yi nisa da shi na wani lokaci yakan ji sauƙi. Ciwon damuwa kuwa yana bin mutum har gida, har gidan biki. Likitoci na duba ko an kai mako biyu ana cikin baƙin ciki kusan kullum, ko an daina jin daɗin abin da aka saba so, tare da canjin barci da cin abinci, kasala, rashin tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, ko tunanin mutuwa. Gajiyar da aka bari ta daɗe tana iya kaiwa can. A wurinmu da wuya mutum ya zo da waɗannan kalmomi. Abin da za ka ji shi ne "kaina ya ɗau zafi", "gabana yawan faɗuwa yake yi", "jikina ne dai ba daɗi". Sai a je kemis a karɓi maganin zazzaɓin cizon sauro, bayan mako biyu a koma a ce taifot ne. Wani ya riƙe kansa da kofi da goro da lemon ƙara kuzari da rana, da dare ya nemi ƙwayar barci. Iyali su ke fara gani: maigida ya dawo ba ya son hayaniyar yara, waya na hannunsa har kan tabarmar cin abinci. Mace mai riƙe da irin wannan aiki kuwa, in ta tashi daga ofis wani aikin ke jiranta a gida, kuma da wuya a rage mata ko ɗaya.

Me ke magani?

Kamfanoni da ƙungiyoyi sun fi son abin da ba zai taɓa tsarin aikinsu ba: taron bita na yini ɗaya kan yadda ake jure matsi, manhajar koyon numfashi, fosta a bango. William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya wallafa sakamakon a 2024: waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye ba su fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Mutumin da aka ba aikin wata tara aka ce ya gama a wata biyar, koyon numfashi ba zai ƙara masa wata huɗu ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki sun sa gyaran yanayin aikin kansa a gaba, tare da horar da shugabanni su gane ma'aikacin da ke cikin damuwa su kuma san yadda za su yi masa magana. Hukumar ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa da na fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 a duniya kowace shekara, asarar da ta kai dala tiriliyan ɗaya. Ko mai aikin da babu tausayi a lissafinsa ya kamata wannan ya tsayar da shi.

Gyara na gaskiya yana farawa tun ranar da ake yanka wa'adi. Shawarar Flyvbjerg mai sauƙi ce: kafin ka ce wata nawa aikinka zai ɗauka, nemo ayyuka irinsa da aka riga aka gama, ka ga wata nawa suka ɗauka a zahiri, ka fara lissafi daga nan. Wanda zai riƙe aikin kuma a zauna da shi kafin a sa hannu. Idan aiki ya makara, dabarar da ke fara zuwa wa shugabanni ita ce a ƙaro mutane. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi gargaɗi tun 1975 cewa a aikin manhaja hakan ƙara jinkiri yake yi, domin tsofaffin hannu ne za su bar nasu su koya wa sababbi, kuma manaja ne zai haɗa kan kowa. Abin da ya fi shi ne a rage girman aikin ko a ɗaga ranar.

Sai batun faɗin gaskiya. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta nuna a 1999 cewa rukunin ma'aikatan da ke iya faɗin kuskure ko matsala ba tare da tsoron wulaƙanci ba sun fi koyo, sun kuma fi yin aiki mai kyau. Ogan da ya daka wa manaja tsawa a gaban jama'a ranar da ya kawo jan rahoto, ya sani daga ranar ba zai sake ganin ja ba sai aikin ya rushe. Wasu ƙasashe sun kai abin ga doka. Tun 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya da imel bayan tashi daga aiki. Japan ta yi doka a 2018 da ta ƙayyade aikin ƙarin lokaci, ko a watan da ya fi matsi kada ya kai awa 100, sai dai an ɗaga wa ɓangaren gine-gine ƙafa har Afrilu 2024 kafin dokar ta hau kansa. A nan kuwa zauren WhatsApp na aiki ba shi da lokacin rufewa. Ba sai an jira majalisa ba, shugaban da ya daina tura saƙo ƙarfe sha ɗaya na dare ya riga ya yi wa mutanensa doka.

Shi ma manajan akwai abin da ke hannunsa, ko da kaɗan ne. Mafi amfani shi ne ya daina karɓar ƙari da baki. In mai aiki ya ce a ƙara ɗaki biyu ko ƙauye biyar, ba sai an yi musu ba: "Ranka ya daɗe, za a yi. Amma zai ƙara mako shida da kuɗi kaza. In kuma ranar ba za ta motsa ba, wanne za mu ajiye a cikin waɗannan?" Sannan a rubuta, a tura masa, ya amsa. Wannan ba rashin ladabi ba ne, mayar da shawara ne hannun mai ikon yanke ta. Matsala kuma a kai ta sama tun tana ƙarama, da adadi da kwanan wata. A sami wanda zai iya riƙe aikin in ba ka nan, domin manajan da ba ya iya tafiya hutun mako guda ya riga ya zama fursunan aikinsa. A riƙa auna hawan jini. A nemi wani ɗan sana'ar, wanda ba a ƙarƙashin oga ɗaya kuke ba, a riƙa zama da shi. Jin cewa kowa na fama da irin wannan yana rage wa mutum zargin kansa. Akwai kuma lokacin da ba a cika lura da shi ba, wato bayan an miƙa aiki. Da yawa sai a lokacin jiki ke sakewa su kwanta ciwo, ga kwantiragi ya ƙare, ga neman wani. Wanda ya fita daga wannan aiki ranar Juma'a ya faɗa wani ranar Litinin, da tsohuwar gajiya ya soma sabon.

Yaushe za a ga likita?

In alamomin nan sun kai mako biyu ba sauƙi, ko mutum ya kasa yin abin da ya saba, ko ya fara dogara da ƙwaya don ya yi barci ko ya yi aiki, lokaci ya yi. In kuwa tunanin kashe kai ya shigo, ko abokin aiki ya fara cewa "gara ma in huta gaba ɗaya", ba a jira gobe. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi asibiti. Addu'a da haƙuri da shawarar malami ko fasto suna da gurbinsu, kuma ba sa hana ganin likita, kamar yadda ba sa hana mai ciwon sukari karɓar magani. Faɗa wa mai wannan hali cewa imaninsa ne ya yi rauni ƙara masa kaya ne.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a Najeriya, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Duk da haka akwai inda za a dosa: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, da sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Ana iya farawa da likitan da aka saba gani, shi zai tura mutum gaba in da buƙata. Masu tsoron kada zancen ya kai ofis su sani cewa a Janairu 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta hana nuna wa mai wannan lalura bambanci, ta kuma kare sirrinsa. Ba kowa ake ba magani ba, wasu zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam ya ishe su. Wanda aka ɗora a kan maganin ciwon damuwa kuma ya san cewa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi sai da shawarar likitan da ya rubuta shi.